Mai Son Kafa Gari a Kurmi Ya Fara Tafiya Shi Kaɗai

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen barin Legas bai sake fita daga bakin 'yan Arewa mazauna garin nan ba. Ka zauna a majalisa a Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko Mil 12, ko Alaba Rago, kafin shayi ya huce wani ya ce shi kam Legas ta ishe shi. Kuma ba a ga laifinsa ba. Dokar hana acaɓa da aka tsananta a Fabrairun 2020, aka sake ɗaurewa a Yunin 2022, ta raba dubban samarinmu da hanyar abincinsu. Mai gidan haya na son kuɗin shekara dunƙule, ejan na son nasa, lauya na son nasa, 'yan tasha na tsaye a kowace kwana da sanda a hannu. Sai dai yawancin masu wannan magana gida suke nufi, kuma mun san su: za su tafi Sallah, su dawo bayan mako uku da ƙullin kuka da daddawa, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ba da su nake ba.

Wanda nake nufi wani irin mutum ne daban. Ba su da yawa, amma da wuya a rasa guda a unguwa. Mutum ne mai baiwar hannu, wanda in ya kalli inji sau ɗaya ya san abin da ke cikinsa. Ba ya son komawa Arewa, domin ƙauyen da ya baro 'yan bindiga sun tashe shi, ko suna karɓar haraji kafin a taɓa gona. Ba ya kuma son zaman Legas. Abin da ya ƙudurta shi ne ya sayi 'yan ekoki can cikin kurmi, bayan Epe, ko ta wajen Ijebu, ko gaba da Badagry, ya sare, ya kafa garinsa, da wutarsa da ruwansa da abincinsa da makarantarsa, duk daga kansa da hannunsa. Ba NEPA, ba mai haya, ba maƙwabcin da zai ɓata masa tarbiyyar yara. Ra'ayina a kan irin wannan mutum a fili yake. In zai tafi ya tafi, ransa ne da kuɗinsa. Amma ba shi da ikon kwashe mace da ƙananan yara ya kai su inda shi kansa bai taɓa cin damina ba. Mu kuma masu kallo, cewar da muke yi "ai iyalinsa ne" gudun ɓacin rai ne kawai, ba girmama haƙƙin kowa ba.

Akwai ɗaya a unguwarmu. Injiniya kowa ke ce masa, ko da yake ajin ƙarshe da ya zauna na firamare ne. Gyaran janareta ne sana'arsa da walda, a wata 'yar rumfar kwano kusa da layin dogo. Ba zan rage masa komai ba, mutumin nan gwani ne. Da injin tsohon babur ya haɗa wa matan layinmu injin markaɗe. Ya taɓa jera shuɗɗan durom uku a bayan rumfarsa, ya cika su da kashin shanun da aka kwaso masa daga mayankar Oko-Oba, ya jona tiyo, bayan 'yan makonni ya ƙyasta ashana a bakin murhu, wuta ta kama shuɗiya. Ranar har mai shayi sai da ya bar teburinsa ya zo kallo. A bayan wata tsohuwar kalanda ya zana garin nasa da biro: ɗakin inji a tsakiya, tankin ruwa a kan ƙarafa, masallaci ta gabas, gonar rogo, kududdufin kifi, da wasu ƙananan ɗakuna a jere da ya ce na 'ya'yansa ne idan sun yi aure. Babban ɗan nasa a lokacin yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Na duba kalandar nan da kyau ina neman hanyar da ta fita daga garin, ban ga ya zana ta ba.

Matarsa ba ta da majalisa. Wajen yayanta ta kai kukanta, wani dattijo mai sayar da goro da muke sahu ɗaya a sallar Asuba, shi ya ba ni labari. Ta ce masa, "Yaya, ni ban taɓa ƙin bin Malam ba, tun daga gida na biyo shi har Ikko. Amma ka tambayar mini shi, in naƙuda ta tashi da dare, wa zai karɓi haihuwar? Ni dai ya ce mini wai zai koya a waya." Cikinta wata biyar a lokacin. Da dattijon ya tare shi da maganar, amsar da ya samu ita ce, "Alhaji, ku dai ba ku gane ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba." Alhajin ya kusa haifarsa.

Abin da irin waɗannan mutane ba sa son ji shi ne, injin da suke taƙama da shi ɗan Legas ne. Farantin sola a kasuwar Alaba aka sayo shi, su ma 'yan Alaba daga Sin suka shigo da shi ta tashar jirgin ruwa. Batir yana da wa'adi, 'yan shekaru ne ya mutu, kuma ba a shuka shi a gona. Ƙarfen walda sai Owode Onirin, fulogi da boris sai Ladipo. A Yuni da Yuli hadari kan rufe rana kwana da kwanaki, sola ta yi sanyi, danshi ya bi waya da ƙarfe yana ci, gara ta bi katako. A Agege in abu ya ƙone, motar danfo ɗaya ce ya je ya dawo kafin La'asar. A can kuwa ruwan shan gida gaba ɗaya yana rataye da famfo guda, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda aka harhaɗa shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Baba, gari ya tsaya.

Nan ne nake ganin zaluncin yake, ko da mai yin sa bai yi niyya ba. A Legas, duk da wahalarta, matar nan tana da mai ruwa da ke turo kura har ƙofa, tana da maƙwabciya, da mai kemis, da malamar Islamiyya, da yayanta mai goro, da limamin da za ta kai ƙara wajensa. Yara suna da malamin da ba ubansu ba, suna da abokan da za su ji wata magana daban a bakinsu. Mutumin yana cewa zai raba iyalinsa da dogaro da mutane, amma abin da yake yi shi ne tattara duk wannan dogaro ya ɗora a kan kansa shi kaɗai. Shi ne NEPA, shi ne hukumar ruwa, shi ne likita, shi ne liman, shi ne alƙali. In ya yi kuskure babu mai gaya masa, in an gaya masa babu wanda za a kai shi ƙara wajensa.

Sannan kurmi ba dajinmu ba ne, kuma sanin noman Funtuwa ko Gusau ba ya aiki a nan. Gero da dawa ba sa son wannan ruwa da danshi, zangarniya kan yi funfuna tun tana tsaye. Baƙar ƙasar da ke ruɗin ido a ƙarƙashin itatuwa 'yar sama-sama ce, ganyen da ke ruɓewa ne ke ciyar da ita. Ka sare itatuwan, ruwa ya wanke ta, shekara biyu ko uku amfani ya fara ja da baya. Shi ya sa manoman yankin suke gauraya rogo da doya da masara da ayaba a gona ɗaya, suke barin saura ta huta, suke dasa koko a inuwa. Farar saniyarmu kuma tsando na jiranta da sammore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya fi kashewa. Mace mai zubar da jini bayan haihuwa kuwa na iya rasa ranta cikin awa biyu in ba a kai ta inda ake da magani da jini ba. Sai a lissafa awa nawa ne daga wannan gona zuwa kwalta a tsakiyar damina, da dare, a kan babur.

Wanda ya fi Injiniya kuɗi da fasaha nesa ba kusa ba ya gwada irin wannan kurmi ya ji a jikinsa. Henry Ford, mai kamfanin motocin Amurka, ya gaji da sayen roba a farashin da Turawan Ingila ke yankewa daga gonakinsu na Asiya, sai ya karɓi fili mai girman eka miliyan biyu da rabi a bakin kogin Tapajos a ƙasar Birazil, ya kafa gari a 1928, aka sa masa suna Fordlandia. Ya aika injiniyoyi da injuna, aka yi asibiti da tankin ruwa da gidaje irin na Amurka. Abin da bai aika da wuri ba shi ne wanda ya san itacen roba. A cikin kurmi itacen nan nesa-nesa yake fitowa da ɗan'uwansa, wannan tazarar ce ke kare shi daga cuta. Mutanen Ford suka dasa shi a jere a matse, kamar yadda aka saba jera motoci a masana'anta, cutar ganye da ƙwari suka bi layi suna cinyewa. Bai tsaya a kan itace ba, har rayuwar ma'aikata ya tsara daga ofishinsa: lokacin aiki da agogo a tsakiyar zafin rana, da irin abincin da shi yake ganin ya fi lafiya. A Disambar 1930 ma'aikatan suka yi bore daga ɗakin cin abinci, suka farfasa kaya, manyan suka gudu. A 1945 jikansa ya mayar wa gwamnatin Birazil da filin, bayan asarar da ta haura dala miliyan 20. Shi kuwa Ford har ya mutu bai taɓa taka ƙafarsa a garin ba.

Abin lura shi ne, ma'aikatan Ford manya ne, ana biyansu, da suka gaji suka yi bore, wanda ya ga dama ya hau jirgin ruwa ya tafi. Ford kuɗi ya yi asara. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya bore, ba shi da kuɗin mota, kuma wanda zai yi wa boren shi ne mahaifinsa da aka koya masa yi wa biyayya tun kafin ya iya tsarki.

A Rasha an ga inda abin ke kaiwa idan iyali ɗaya ne. A 1936, bayan jami'an gwamnatin gurguzu sun harbe ɗan'uwansa, wani mai riƙo da tsohuwar ɗariƙar Kiristancin ƙasar, Karp Lykov, ya kwashi matarsa Akulina da 'ya'ya biyu ya nausa dajin Siberiya, har suka yi nisan kusan kilomita 250 da gari mafi kusa. Shi yana da uzurin da Injiniya ba shi da shi, domin kisa ya gudar wa. A can aka haifi wasu biyu. Sun yi dabaru iri-iri, suka saƙa tufafinsu, suka yi takalmi da ɓawon itace, amma da tukwanen ƙarfensu suka ci tsatsa babu mai maye su, gishiri kuma shekara da shekaru ba su ɗanɗana ba. A 1961 ƙanƙara ta sauka a watan Yuni ta kashe shukarsu, uwar ta riƙa bar wa yara rabonta har yunwa ta kashe ta. Sai a 1978 wasu masu binciken ma'adinai suka hango gonarsu daga jirgi mai saukar ungulu. Iyalin ba su ma san an yi Yaƙin Duniya na Biyu ba. A 1981 uku daga cikin 'ya'yan suka mutu. Uban da ya yanke shawarar, shi ya rayu har 1988. Babu ɗaya daga cikin 'ya'yan nan da ya bar zuriya.

Na san za a ce na yi nisa idan na ambaci Jonestown, kuma ba ina cewa maƙwabcina Jim Jones ba ne, wato shugaban ƙungiyar addinin da ta kafa wurin. Amma a wancan sansani na kurmin Guyana, inda mutum sama da 900 suka mutu ranar 18 ga Nuwamba, 1978, kusan kashi ɗaya cikin uku yara, abubuwa biyu ne suka riga kisan zuwa: an karɓe fasfo ɗin mutane, kuma murya ɗaya ce ke fita daga lasifika dare da rana. Baba suke ce masa. Duk wurin da fita ta gagara kuma gardama ta haramta, lafiyar mazaunansa tana hannun lafiyar ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, kuma kaɗaici da gajiya da asara ba sa gyara ƙwaƙwalwa.

Injiniya yana da hujjojinsa na addini, kuma ya iya jero su. Yana kawo hadisin da ya ce lokaci na zuwa da mafi alherin dukiyar Musulmi za ta zama tumakin da zai bi kan duwatsu da su yana gudun fitina da addininsa. Yana kawo Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, da ya ajiye Nana Hajara da jaririnta a kwarin da babu shuka. Yana kawo hijirar Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. To, a bi su ɗaya-ɗaya. Nana Hajara ta bi bayan mijinta tana tambaya, har ta ce Allah ne ya umarce ka da wannan? Ya ce e, sannan hankalinta ya kwanta. Wahayi ke nan. Wanda hujjarsa bidiyon YouTube ce ba zai ari wannan amsar ba. Kuma da ƙabilar Jurhum suka zo neman izinin zama kusa da ruwan, ba ta kore su ba, domin tana son mutane. Shehu kuwa da jama'a ya tashi, da malamai da ɗalibai da masu iya ce masa ga abin da littafi ya ce, ciki har da ƙanensa Abdullahi, wanda bai taɓa jin nauyin faɗin abin da bai gamsu da shi ba. Ƙarshen tafiyar ma birni aka gina, Sakkwato, a 1809. Hadisin tumaki kuma maganar mutum ce da addininsa a lokacin da fitina ta game ko'ina, tsadar haya da gosulo ba su kai nan ba.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Da suka yi maganar miji ya yi tafiya da matarsa zuwa wani gari, sun sa sharuɗɗa: ya zama abin amincewa a kanta, hanya ta zama da aminci, wurin ya zama inda hukunci ke gudana, kuma inda labarinta ba zai yanke wa danginta ba. A auna gonar bayan Epe da waɗannan. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ko yaye yaro kafin shekara biyu ya ɗaura shi a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. In cire yaro daga nono sai da shawarar uwarsa, ina ga cire shi daga makaranta da asibiti da dangi baki ɗaya? Ko sallar Juma'a a wajenmu sai da mazauna gari goma sha biyu ban da liman. Mutumin da ya ce don addinin 'ya'yansa zai tafi, zai tashe su ne a inda ba a Juma'a.

Mu ba baƙin kafa mazauni a ƙasar wasu ba ne, sana'ar kakanninmu ce. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, suka bar zango a Salaga da Kumasi. Goro da layin dogo, wanda ya haɗa Legas da Kano a 1912, su suka raya Zangon Agege. An kafa Sabon Ibadan a 1916, ga kuma Sabon Shagamu. A duba yadda suka yi. Bakin hanya suka zauna ko gefen kasuwa. Sun je sun gai da sarkin gari sun nemi wuri. Akwai mai masauki, akwai liman, akwai mahauci da wanzami da ungozoma, akwai sarkin zango da ake kai wa ƙara, shi ma akwai dattawan da ke taka masa birki. Maza ne kan fara zuwa, sai wuri ya zaunu a aiko da mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun san haka tun kafin a haifi mai ƙera sola.

Ko a nan kusa da mu akwai garin da aka kafa daga babu ya kuma tsaya da ƙafarsa. Ayetoro, a gaɓar tekun jihar Ondo ta yanzu, wata jama'ar coci ta 'yan ƙabilar Ilaje ce ta kafa shi a 1947. Suka haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, suka kafa gidaje a kan turaku, suka ƙera jiragen ruwa, suka sama wa kansu lantarki a lokacin da manyan garuruwa da yawa ke kwana da fitilar ƙwai. Amma su masunta ne 'ya'yan masunta, a ruwan da suka sani suka zauna, gidaje ne masu yawa, kuma kifinsu kasuwa suke kai wa. Duk da haka yau teku ta cinye babban ɓangare na garin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda ba na jin daɗin faɗa. Bahaushe a cikin kurmin Kudu maso Yamma, shi da iyalinsa, ba maƙwabci, da ƙarafa da wayoyi da durom-durom a tsakar gida, ba mai fasaha za a ɗauke shi ba. A Janairun 2021 gwamnan Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya ba makiyaya kwana bakwai su fice daga gandun dazukan jihar. Wata guda bayan haka aka yi rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. A Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, a kan hanyarsu ta zuwa gida Sallah, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Ranar da aka sace wani a kan titin da ke kusa, wa zai tsaya ya ce na san mutumin nan, mai gyaran janareta ne? Ko a Arewa hukuma ba ta sakin jiki da mazaunin da ya ware kansa: a Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Maiduguri, 'yan sanda suka tashi jama'ar Darul Islam da ke kusa da Mokwa a jihar Neja, dubban mutane, aka mayar da kowa jiharsa. Filin kansa ma wata rigimar ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma daji da yawa a gefen Epe da Ibeju-Lekki gwamnati ta riga ta keɓe shi, musamman tun da tashar ruwan Lekki da matatar Dangote suka zo. Rasit ɗin da wani ɗan gida ya rubuta maka ba zai tsayar da katafila ba, ba zai kuma hana wani reshen dangin, omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, su zo su ce ba a biya su ba, duk da dokar da Legas ta yi a kansu a 2016.

Ba ina cewa mai baiwa ya naɗe hannu ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa kuma ɗan gidan magina tukwane, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na tsanewa yana tafiya da zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi, yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Bai kwashe kowa ya kai ko'ina ba. Ƙauyuka ya bi da tukwanensa, ya sa magina na gari suka yi, wadda ta ga amfaninsu ta ɗauka, wadda ba ta gani ba ta bari. In tukunya ta fashe, asarar tukunya ce. Murhun Injiniya mai aiki da kashin shanu, da zai zauna ya gyara shi ya daina yoyo, masu tuwo-tuwo da masu shayi nawa ne tsakanin Agege da Oko-Oba za su saya a wannan tsadar gas? Na taɓa gaya masa haka. Ya ce mini shi ya wuce nan.

Abin da ya faru a ƙarshe shi ne, Alhaji mai goro ya ƙi sakin maganar. Ya kai ta gaban limamin unguwa da wasu dattawa biyu, aka zauna bayan Isha'i. Matar ta haihu a asibitin gwamnati, tana nan a ɗakinta da ƙananan yaran. Injiniya ya tafi gonarsa, yana zuwa ƙarshen wata. Amma ya tafi da babban yaron, domin wai yana bukatar mai riƙe masa ƙarfe, kuma a wannan zaman ba wanda ya ga abin ja a ciki. An ceci uwa, an ba da ɗa. Yaron bai zauna jarrabawar aji uku ba, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya bar ɗansa ya gama ƙaramar sakandare. Ya zo da Sallah na gan shi, ya rame, ya iya walda sosai, kuma duk abin da ka tambaye shi sai ya ce, "Baba ya ce."

Laifin da nake gani namu ne 'yan majalisa. Mu ne muka riƙa zuga shi, "Injiniya ikon Allah! Kai da a Turai kake da yanzu ka ƙera jirgi," muna ɗaukar bidiyon wutar murhunsa muna turawa a WhatsApp, in ya juya baya mu ce Allah ya shirya. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mutumin da bai taɓa jin yabo a makaranta ba, ya zo ya same shi a bakin manya kullum dare, dole kansa ya ɗau zafi. Ga kuma masu tallar fili a Facebook da hoton korayen gonaki da alƙawarin takardu na nan tafe.

Sarakunan Hausawa da limamanmu a Legas suna zaman sulhu a kan bashi da rikicin rumfa kullum, wannan ma aikinsu ne, kuma kada su jira sai mace ta yi ƙarfin halin kawo ƙara, domin da yawa ba su da yaya mai goro a garin. Da an ji mutum ya fara sayar da kayan ɗaki yana zancen kurmi, a kira shi. A ce ya kawo takardar filin a kai wa lauya da safiyo. A ce ya je shi da manyan da suka yarda da ransu, su ci damina biyu a can, ya bar wa iyali kuɗin haya da na abinci, yara kuma su ci gaba da karatu, har da babban. A tura mutum biyu su je su gani da idonsu, su gai da baale, wato mai garin ƙauyen da ke kusa, su auna tafiyar zuwa asibiti a watan Yuli. Ita ma matar a tambaye ta, a gaban waliyyinta, mijin ba ya wurin. In bayan duk wannan ta ce za ta je, a tabbatar tana da wayarta da kuɗin motarta a hannunta, kuma akwai wani a wurin, ban da mijin, da ya iya tuƙa babur ɗin.